Shekarar da Maigidana Ya Shiga Fataucin Kyanwa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai yana da cuta guda: duk maganar da ta fito daga nesa gaskiya ce a wurinsa. In na ce masa rufin ɗaki na yoyo, sai ya ce zai duba. In baƙo daga bayan teku ya ce masa ana iya tatsar nono daga dutse, da safe za ka gan shi da ƙwarya a hannu. Gwargwadon nisan garin mai magana, gwargwadon ƙarfin imaninsa. Ni kuwa da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, maganata ba ta da nisan da za ta yi daraja.

A unguwar Utaibiyya ta Makka muke zaune a lokacin, bayan yaƙin Turawa ya ƙare, alhazai sun fara dawowa da yawa. Unguwar tana gefen gari ne, inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su karɓa. Ɗakunanmu na gwangwanayen kananzir ne da aka fasa aka miƙar aka kafa a jikin katako. Da tsakar rana in ka jingina da bango sai ka tuna da lahira ba tare da an yi maka wa'azi ba. Ni a Makka aka haife ni. Shi a hanya aka haife shi, a Sudan, lokacin da iyayensa suka tsaya noman auduga don neman guzurin ƙarasowa. Sana'ata gyaɗa, in soya ta cikin rairayi in kai bakin hanya. Shi kuma tsire yake yi kusa da kasuwar Jarwal, tun da kafaɗarsa ta ƙi ɗaukar garewanin ruwa.

Tare da mu akwai mahaifiyarsa, Inna. Tun da mijinta ya rasu a shekarun yunwar yaƙi ta kwanta, ta juya fuska bango. Ba zazzaɓi, ba tari, ba inda ke mata ciwo da za a nuna da yatsa. An yi mata rubutu, an ba ta Zamzam, an kai ta wurin likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Abinci sai ta taɓa ta ture. Ta ce ita ta gama, ta yi tafiyar shekaru a ƙafa don ta mutu a Makka, ga ta a Makka, to me ake jira? Har likkafaninta ta tanada, farin alawayyo da ta wanke da ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya a Harami, ta ninke ta ajiye cikin wani lefe a kusurwar ɗakinta. Mutuwar ce kawai ta tsaya yi mata yanga.

Bayan ƙaramar Sallah a shekarar, gidajen wani muɗawwifi mai saukar da alhazai suka cika, sai ya fara rarraba baƙinsa a unguwannin talakawa. Mu ma muka kwashe yara muka matsu, muka ba da ɗaki ɗaya. Wanda aka kawo mana wani tsoho ne dogo, mutumin duwatsun da ke bayan ƙasar Hindu, gemunsa ja da lalle. Ya ce ƙuruciyarsa duk a wata ƙasa ya yi ta, Ostireliya, yana jan raƙuma cikin hamadarsu, har motoci suka zo suka karɓe aikin. Maigidana ya tambaye shi nisan ƙasar. Da ya ji cewa sai an wuce Jawa ma ana ci gaba da tafiya a teku, na san mun shiga uku.

Kullum bayan la'asar, kafin maigidan ya tafi tukubarsa, sukan zauna a ƙofar gida suna shan shayi. Larabcin tsohon a karye yake, na maigidana kuwa na kasuwa ne, amma suna fahimtar juna. Ni ma ina ji daga ciki, don bangon gwangwani ba ya riƙe sirri. Wata rana wata kyanwa ta zo tana shinshinar tire, maigidan ya ɗaga takalmi. Tsohon ya riƙe masa hannu. Ya ce a can inda ya zauna, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da dabbar da aka ajiye ba, ana ba ta abinci a kwanonta, tana da wurin kwana.

"Yankawa suke yi?" in ji maigidana.

"A'a."

"Tatsa?"

"A'a."

"To hawa?"

"A'a. Ajiyewa kawai."

"To me take yi musu?"

Tsohon ya dafa ƙirjinsa. Ya ce zuciya take sanyayawa. Ya ba da labarin wata tsohuwar Baturiya a wani ƙauye a ƙarshen layin dogo, wadda ya riƙa kai wa kaya. Mijinta ya mutu, 'ya'yanta sun watse, ba ta da kowa sai kyanwa, amma kullum cikin raha take, ta tsufa har ta gaji da tsufa. Ya ce har likitan dabbobi suke da shi, da masu sayar da naman da dabbobin ke ci, da masu ɗinka musu abin wuya, mutane da yawa da wannan suke ci da iyalinsu.

Ko shayinsa bai shanye ba ya faɗo cikin gida.

"Uwar yara, kin ji?"

"Na ji, Malam."

"Lafiya da arziki a abu ɗaya! Mu nan kyanwa ta cika gari, kullum muna tsallake dukiya muna wucewa. Ga ɓerayen da ke cinye miki gyaɗa, sun gama yawo. Ga Inna, za ta tashi. Ga alhazai, wa zai ƙi kyanwar Makka?"

Na ce, "Malam, wannan bawan Allah da ya yi rayuwarsa a ƙasar arzikin kyanwa, me ya sa yake haya a ɗakin gwangwani?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai taɓa fita gari ba. Ya ce, "Tawali'u ne."

Washegari ya dawo da kyanwa a cikin buhu. A garin da in ka buɗe ƙofa kyanwa ke shigowa da kanta, shi sai da ya yi yawon rabin yini yana zaɓe. Ya ce ya duba ya ɗauko wadda ta fi kowacce ƙiba, don mai lafiya ce ke ba da lafiya. Na dubi cikinta sau ɗaya na gane irin ƙibar. Ban ce komai ba, tunda ni ba daga Ostireliya nake ba.

Ya kai ta ɗakin Inna ya durƙusa. "Inna, ga magani na kawo miki."

Inna ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ba ta ma juyo ba, ta ce da ni, "Ki gaya wa yaron nan ya fitar min da ƙazanta daga ɗaki."

Aka fitar. Ta koma. Aka sake fitarwa, ta sake komawa ta wata kafa a ƙasan gwangwani. Ɗakin Inna ne ya fi ko'ina shiru da duhu, kyanwar kuma ta san abin da take nema.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina tsakar gida ina juya gyaɗa a kasko, sai na ji ihun da ban taɓa ji ba tun da na shigo gidan. Na jefar da ludayi na ruga, a zatona abin da Inna ke jira ne ya iso. Sai na tarar da ita a tsaye. A tsaye cak, ba ta dafa komai ba, matar da sai an tallafe ta take zama. Murfin lefe na gefe, kyanwa na kwance a tsakiyar likkafanin nan, ta haihu a kansa, 'ya'yan na ta motsi kamar ɗanyen nama. Farin alawayyon da aka wanke da Zamzam ya koma kamar tsumman mahauta.

Zagin da Inna ta yi ranar, wasu kalmomin ban taɓa jin su ba, na ƙauyensu ne na can ƙasar Katsina, ta yi shekaru tana ajiye da su. Ta zagi kyanwar, ta zagi wanda ya kawo ta, ta zagi wanda ya ba shi shawara da ƙasar da ya fito da tekun da bai haɗiye shi ba. Na ce ta kawo in wanke. Ta ce ni? Ni da ko hular yaro ban iya fitarwa ba? Ta zare likkafaninta daga ƙarƙashin mai jego, ta wanke da sabulu a tsakar gida har sau ba adadi, sannan ta ce wannan wankin duniya ne, sai an maimaita da Zamzam. Ta yafa mayafi ta ɗauki sanda.

Daga Utaibiyya zuwa Harami ba kusa ba ne ga tsohuwa. Na bi ta a baya ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba, fushi ya riƙe ta. Tana tafiya tana mita, har muka isa, ta jiƙa yadinta, ta shimfiɗa shi a kan tsakuwa cikin na alhazai, ta zauna tana gadi kada tantabara ta ƙara mata wani aikin. Da muka dawo gida ta zauna a kan tabarma tana haki, ta ce, "Ba abinci a gidan nan ne?" Ta cinye tuwo malmala guda da miyar kuka, ta suɗe kwano.

Maigidana ya dawo ya ji labari. Ya tsaya a tsakar gida ya buɗe hannuwa.

"Kin gani? Kin gani da idonki? Likita ya kasa, rubutu ya kasa. Mutanen nan sun san abin da suke yi."

"Malam, likkafaninta aka ɓata mata."

"Kowane magani da yadda yake aiki."

Tunda ɓangaren lafiya ya tabbata, sai ya juya kan arziki. 'Ya'yan da aka haifa ba za su ishi alhazan duniya ba, don haka ya fara tattaro wasu daga lunguna. Kullum ya dawo da buhu yana motsi. Yankakken kitse da jijiya da ragowar tukuba, wanda da muke jefawa a miya, duk ya koma abincin jari. Gidanmu ya cika da kuka da wari da faɗa. In za ka taka ƙasa sai ka duba. In ka ajiye nono ka juya, ka yi sadaka.

Su ɓeraye kuwa ba su taɓa samun zaman lafiya irin na wannan lokacin ba. Kyanwar da ta ƙoshi da kitsen rago me zai haɗa ta da guje-guje? Da idona na ga ɓera ya fito daga buhun gyaɗata, kumatunsa cike, ya tsallake wutsiyar wani muzuru da ke kwance. Muzurun ya buɗe ido ya raka shi da kallo har rami, kamar maƙwabcin da ke cewa a gaida gida.

Ana cikin haka limamin masallacin unguwa ya ji niyyarsa, ya kira shi ya ce malamai da yawa ba sa son cinikin kyanwa, ya nemi wata sana'a. Na yi hamdala. Ashe na yi gaggawa. Maigidan ya dawo fuskarsa na walƙiya, ya ce ya samo mafita: ba kyanwa zai sayar ba, kwando zai sayar, kyanwar da ke ciki kyauta ce. Na tambaye shi ina zai samo kwandunan. Ya dube ni. Haka na koma saƙar kaba bayan suyar gyaɗa, ƙananan kwanduna masu murfi da marataya, yatsuna duk suka tsage. Shi kuma aikinsa mai wuya shi ne ɗaura wa kowace kyanwa jan ƙyalle a wuya, don a gane ba ta titi ba ce, ko da yake jiya a titin ta kwana.

Da gari ya cika da alhazai, ya jera kwandunansa a gefen tukubar tsire. Hikimar ajiye kyanwa mai jin yunwa kusa da nama, wannan sai mai zurfin tunani. Waɗanda ke cikin kwando suna kuka, na Jarwal kaf suka ji suka zo ziyara. Yana korar wannan, waccan ta ja tsinke ta gudu. Masu sayen tsire suka fara ratsewa, don ba mai son cin nama da idanu kewaye da shi.

Alhazan ma ba su ba shi haɗin kai ba. Wani Basakkwace da ya zo ta ƙasa ya saurari bayaninsa har ƙarshe, ya ce, "Wato in ɗauki mussa a ka, in ƙetare teku da ita, in ratsa Sudan da Wadai da Barno, in kai wa iyalina tsaraba? Malam, ko akwai abin da ni yi maka?" Mutanen Masar suka ce nasu sun fi waɗannan kyau. Wani mutumin Jawa ya saya wa 'yarsa, da yamma ya dawo da ita hannun yarinyar duk yakushi.

Duk da haka an yi ciniki, kada in yi masa ƙarya. Alhazai sun ga kwandunan sun dace da zuba dabino da tasbaha. Sai mutum ya biya, ya karɓa, ya sha kwana, ya buɗe murfi ya zazzage kyautar a ƙasa ya tafi da kwandonsa. Kyanwar kuma ta san hanya. Sau da yawa takan riga maigidan isowa gida, ya shigo ya tarar da hajarsa kwance a kan tabarmarsa da jan ƙyallenta tana lasar ƙafa. Akwai wani baƙin muzuru da aka ba da shi kyauta ga mutanen ƙasashe daban-daban, bai taɓa kwana a waje ba. Maigidan ya ce wannan ita ce albarka, jarin da ke dawowa da ƙafarsa.

Maƙwabta ba su ga albarkar ba. Mai kiwon tantabaru a bayanmu ya wayi gari ya ga gashi. Mai sayar da nono ta daina biyowa ta layinmu. Aka kai ƙara wurin umda, mai unguwa, wani dattijon Balarabe da ba ya son doguwar magana. Maigidan ya sa farar riga ya je, ya tsaya ya yi masa bayanin sanyin zuciya da likitan dabbobi da masu ɗinka abin wuya. Umda ya saurara yana jan tasbaha.

"Ina ne wannan Ostireliyar?"

"Bayan Jawa, ya umda. Da nisa ƙwarai."

"Madalla. Ka kai su can."

Kafin a zartar da hukuncin, baƙonmu ya dawo daga Mina yana shirin tafiya Jidda. Duk wannan lokacin yana ganin kyanwoyi a gidan, amma ya ɗauka haka gidajen Makka suke. Sai ranar maigidan ya ja shi tsakar gida ya nuna masa aikin da shawararsa ta haifar, yana jiran yabo. Tsohon ya duba hagu, ya duba dama, ya dubi kwanduna, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙo ruwa. Da ya samu numfashi ya ɗaga yatsa.

"Ɗaya! Ɗaya suke ajiyewa, ko biyu. Kuma yawancinsu ma kare ne."

Bayan ya tafi maigidan ya ce laifin Larabcin mutumin ne, da ya iya magana sosai da ba a yi haka ba.

Aka kwashe su a buhuna a bayan jaki, aka kai su wajen gonakin Zahir aka sake. Wasu sun dawo, muka rufe musu fuska har suka gaji. Da aka zo ɗaukar uwar 'ya'yan nan ta farko, sai Inna ta sa sandarta ta tare ƙofa.

"Wannan ku bar ta."

Na ce, "Inna, ita ce fa ta yi miki ɓarna."

"Shi ya sa. Ina so in sa mata ido."

Idon da ta sa mata ke nan har shekaru. Ba ta taɓa cewa tana son ta ba, ba ta kuma taɓa kiran ta da wani abu ba sai 'yar banza. Amma da asuba za ta tashi don ta ga me 'yar banza ta aikata. Da hantsi ta ɗauki sanda ta tafi wurin mahauta roƙon huhu, wai in ba a ƙosar da ita ba sata za ta yi ta ja mana magana. A hanya ta tsaya gaisawa da wannan, ta yi faɗa da waccan, ta dawo da labarin unguwa fiye da nawa. Yarana, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, a wurin faɗan Inna da kyanwa suka koyi Hausa, shi ya sa har suka girma sun fi ƙwarewa a zagi.

Wata rana da azahar, gari ya yi tsit saboda zafi, ina tsintar gyaɗa a jikin bangonta, sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa. Kyanwar take ba labari. Tana gaya mata wata yarinya da ta haifa a hanya bayan maigidana, wadda ta rasu suna tsakiyar daji kafin su kai kogi, suka binne ta a gindin wata bishiya, ayari bai jira ba. Ta ce har yanzu tana iya gane bishiyar in ta gan ta. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Da na tambayi maigidan daga baya, ya ce shi ma bai san ya taɓa yin ƙanwa ba. Na ci gaba da tsintar gyaɗata a hankali don kada ta ji motsina ta yi shiru.

Ni dai na ci gaba da saƙar kwanduna ina sayarwa a lokacin aikin hajji, babu kowa a ciki, kuma sun fi gyaɗa tafiya. Maigidan har ya bar duniya yana gaya wa mutane cewa shi ya buɗe min wannan hanyar, da ilimin da ya samo daga ƙasashen waje.

Inna ta ga auren babbar 'yata, ta ga tattaɓa-kunnenta na farko daga wurinta. In an ce mata Allah ya ƙara nisan kwana sai ta harari mutum, ta ce ita da ta tafi tuntuni, amma wa za ta bar wa 'yar banzan nan, ni da zan kashe ta da yunwa? Da lokacinta ya yi, kwana kaɗan ta yi a kwance, ta rasu da rana tsaka, kyanwar na kwance a ƙafafunta.

Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta kallon kyanwar suna girgiza kai, suna cewa ba za ta daɗe ba, baƙin ciki zai kashe ta. Maigidan ya ce in riƙa kula da ita sosai, amana ce. Na sayo huhu da kaina na yanka mata ƙanana. Ba a yi sadakar bakwai ba ta tattara ta koma ƙofar wani mutumin Yaman da ya buɗe wurin suyar kifi a bakin hanya. Maigidan ya je ya ɗauko ta, ta koma. Ya ce ba za ta iya zama inda take tuna Inna ba ne.

Ina ganinta in na wuce da tiren gyaɗa, kwance a inuwar kaskon kifi, ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace. Sau ɗaya na tsaya na kira ta da sunan da Inna ke kiranta. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe.